Lambar da Ta Hana Kwamfuta Barci

Ranar da ta fara shiga shagon mai gyaran kwamfuta, rungume take da tata kamar jariri mai zazzaɓi.

"Don Allah kar ka kashe ta, lissafi take yi."

Ya taɓa, ya janye hannu. "Malama, wannan ai sai ta soya ƙwai! Wane irin lissafi ne?"

Ɗalibar lissafi ce a jami'a. Ta ce akwai lambobin da ba mai raba su sai ɗaya da su kansu, kamar sha ɗaya da sha uku. Lambar da take bincike ma irinsu ce, amma tsawonta ya cika shafuka. Tana son ta gano ko in an ƙara mata biyu, sabuwar ma ba ta rabuwa. In haka ne, tagwaye ake kiransu.

Bai gane rabi ba, amma murmushinta ya shiga ransa. Ya ce ta bar kwamfutar a shagonsa, yana da batir.

Kullum sai saƙo ya shigo mata: "Gimbiyar lissafi, 'yarki ta kwana lafiya, jikin da sauƙi."

Ta mayar: "Injiniyana, na gode. Kai fa, ka karya?"

Wani mai kantin magani da ya daɗe yana sonta ya kai wa babanta tsegumi, wai kullum tana shagon. Hankalin uban ya tashi, abinci ma ya gagare shi. Ya hana ta zuwa, ya ce kar ya ƙara jin zancen yaron. Da kukanta ya yi yawa, mamarta ta ce, "Malam, gani ya kori ji. Je ka da kanka."

Ya je da tsakar rana, an ɗauke wuta. Ya tarar da saurayin sharkaf da gumi. Fanka ɗaya ce a shagon, saurayin ya juya ta wajen kwamfutar yarinyar, ya cire kayan aikinsa duka daga batir, ya ba masu kawo gyara haƙuri.

"Kai, wannan lambar, cin ta ake yi?"

"Wallahi Baba, ban san amfaninta ba. Ita dai tana son ta sani, ni kuma ba na son aikinta ya tsaya."

Sai uban ya ce, "Goge fuskarka. Ka turo manyanka."

Da lissafin ya ƙare, lambar ba ta da 'yar tagwai. Ta tura baki. Saurayin ya ce, "Kawo wata, Gimbiya, batir na nan."

Ranar ɗaurin aure uban ya riƙe hannun ango.

"Ni dai ban taɓa gane abin da take yi ba, amma kar ka bari ta daina. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya yi muku albarka."

Jama'a suka amsa, "Amin!"