Rabin Curin Cakulan

Ya ku ɗalibai masu daraja, ku gyara zama, ku tattara hankalinku wuri guda. Wannan labari na wani gida ne mai rufin kwano, a gefen gonakin koko na Jamhuriyar Dominika.

A gidan akwai wata yarinya mai shekara goma, sunanta Yanelis. Tana da ƙane ɗan shekara shida, ana kiransa Wilkin. Akwai mahaifiyarsu, Doña Fior, da kakarsu, Doña Tatica. Na biyar ɗinsu wani baƙin kare ne mai suna Tizón. Mahaifinsu yana aikin gini a babban birni, sai ƙarshen wata yake zuwa.

Makon da nake ba ku labari mako ne na gajiya.

Ran Litinin Wilkin ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ya karye a ƙafa. Aka kai shi asibiti, aka yi masa ɗori, aka naɗe ƙafar da filasta. Ran Talata kuma Tizón ya ƙi cin abinci. Ya kwanta a ƙarƙashin tebur, cikinsa yana ƙugi. Ran Laraba Doña Fior ta kai shi wurin Don Euclides, likitan dabbobi na mararraba.

Likitan ya ce, "Ɓacin ciki ne, zai wuce. A ba shi farar shinkafa da ruwa. Ban da su, kada a ba shi komai."

Yanelis tana tsaye a wurin. Ta ji da kunnenta.

Safiyar Alhamis ta samu Doña Fior idanunta sun yi ja. Ga koko an shanya a tsakar gida, yana bukatar a juya shi. Ga wanki. Ga girki. Ga Wilkin a kan gado da cokali da murfin tukunya, yana bugawa duk lokacin da yake son wani abu.

Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal!

"Mami, ƙafata tana ƙaiƙayi!"

"Ka yi haƙuri, ɗana."

"Mami, kin fi son Tizón a kaina!"

"Shi ai bai hau mangwaro ba," in ji Yanelis daga bakin ƙofa.

"Ke kuma mai kan kwakwa, wa ya sa da ke?"

Doña Fior ta dafe goshi. Ta ce, "Don Allah ku bar ni in ji da abu ɗaya. Yanelis, yau babu makaranta. Kare yana hannunki. Ki tabbata ya ci shinkafarsa."

"To, Mami."

Yanelis ta ajiye kwanon shinkafa a gaban Tizón. Ya shinshina, ya kau da kai. Ta matso masa da shi. Ya rufe ido. Ta roƙe shi, ta yi masa waƙa, har ta yi kamar tana ci. Ko kunnensa bai motsa ba.

A daidai lokacin wani ƙamshi ya taso daga kicin.

Ya kamata ku san wata al'ada ta Doña Tatica. Duk shekara takan soya koko na gonarsu, ta daka shi, ta cura shi dunƙule-dunƙule kamar ƙwan agwagwa. Idan wani ya kwanta ciwo, sai ta ɗauko curi guda, ta goga shi cikin ruwan zafi. Ta sa citta da kirfa. Mai mura ya sha. Mai ciwon kai ya sha. Wanda ya faɗi jarrabawa ma ya sha.

Yanelis ta ga kakar ta miƙa wa Wilkin kofi, tana cewa, "Shanye, jikana. Wannan ne zai haɗa ƙashin. Babu mara lafiyar da ya sha cakulan ɗina bai miƙe ba."

Maganar ta zauna a zuciyar Yanelis. Ta ce a ranta, ai Tizón ma mara lafiya ne. Ta tuna da kashedin likita, amma ta ture shi gefe. Likita ya san allura, in ji ta, amma bai san cakulan ɗin Kaka ba.

Da kakar ta fita baranda, Yanelis ta shiga kicin a hankali. Rabin curi yana nan a kan faranti, baƙi wuluk. Ta goge shi duka a kan shinkafar, ta zuba ɗan sukari, ta gauraya.

Tizón ya ɗaga kai. Ya lasa sau ɗaya. Sai ga shi ya cinye, har ya suɗe kwanon.

Yanelis ta ruga tsakar gida. "Mami, ya ci! Ya cinye tas!"

Doña Fior ta jingina da manjagarar da take juya koko. Ta yi murmushinta na farko a makon. "Madalla da 'yata. Kin rage mini nauyi guda."

Yanelis ta ji daɗi ƙwarai. Ba ta faɗi abin da ta zuba ba.

Kafin rana ta take tsaka, al'amari ya canza. Tizón ya fito daga ƙarƙashin tebur yana zagaye ɗakin. Ya sha ruwa, ya ƙara sha. Harshensa ya zazzalo, yana haki. Ƙafafunsa suka fara rawa. Yanelis ta ɗora hannu a ƙirjinsa, ta ji zuciyarsa tana bugu da sauri kamar ganga.

Sai ta tuna da kashedin likita.

Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal!

"Mami! Fensirina ya shige!"

Doña Fior ta shiga da gudu. Ashe Wilkin ya zura fensir cikin filastar don ya sosa ƙaiƙayi. Fensirin ya karye a ciki. Yatsun ƙafarsa sun kumbura.

"Wilkin, me na ce maka jiya?"

"Kin ce kada in zura cokali. Ba ki ce fensir ba."

Doña Fior ta zauna a bakin gado. Daga nan ta ɗauki waya, ta kira ɗan acaɓan unguwa.

Tana ɗaura ɗankwali, ta hango Tizón yana haki. Ta tsaya ta dube shi, ta dubi ɗanta. Ta ce, "Wataƙila zafin rana ne. Ai ya ci abinci. Idan bai daina ba, gobe na mayar da shi wurin likita. Yau ba zan iya rabuwa gida biyu ba."

Yanelis ta buɗe baki, ta sake rufewa. Ta tuna da murmushin safe.

Sai muryar Doña Tatica ta taso daga kicin. "Wa ya ɗauke mini rabin curi? Nan na ajiye shi! Wilkin, kai ne?"

"Kaka, da wace ƙafar?"

"To ɓeraye ne. Ɓerayen gidan nan sun fi masu gidan cin daɗi."

Babur ya tsaya a ƙofar gida. Doña Fior ta ɗauko Wilkin a kafaɗa, tana nishi. Ɗan acaɓan ya gyara masa wurin ajiye ƙafa. A ɗaki Tizón ya yi wani ɗan kuka siriri, ya faɗi gefe guda, ya sake miƙewa da ƙyar.

Yanelis ta gane cewa idan babur ɗin nan ya tashi, gobe za ta yi wa Tizón nisa.

"Mami, tsaya!"

"Mene ne kuma?"

"Ba ɓeraye ba ne. Ni ce. Na zuba wa Tizón cakulan a shinkafa."

"Nawa kika zuba?"

"Duka rabin."

Doña Fior ba ta yi faɗa ba. Ba ta da sauran ƙarfin faɗa. Ta kira Don Euclides a waya. Yanelis tana jin muryarsa daga inda take tsaye.

"Cakulan? Na gida, marar gami? Tun yaushe? Ku kawo shi yanzu, Doña Fior. Yanzu nake nufi, ba anjima ba!"

Asibitin mutane yana gabas. Mararraba tana yamma. Babur kuma guda ne.

Doña Fior ta ce, "Ni da Wilkin za mu tafi asibiti. Ke kuma, Yanelis, ga baron koko can. Ki shimfiɗa buhu, ki sa Tizón a ciki."

Doña Tatica ta ɗauko lema. "Da ni za a je. Cakulan ɗina ake zargi, dole in ji da kunnena."

Ya ku ɗalibai, tura baro a tsakar rana ba wasa ba ne. Hanyar ta hau tudu, ta gangara, ta sake hawa. Tizón ya yi amai sau biyu. Tafin hannun Yanelis ya yi bororo. Gumi ya jiƙa rigarta. Kakar tana biye da ita, tana riƙe da lema a kan karen, tana kuka da gwiwoyinta.

"Shekara saba'in ban taɓa riƙe wa kowa lema ba. Yau ga ni ina riƙe wa kare."

"Kaka, zai mutu?"

"Tura baro, 'yar nan. Kuka ba ya hawa tudu."

Don Euclides yana jiransu a bakin ƙofa. Ya ɗauki karen ya ɗora a tebur. Ya saurari zuciyarsa, ya yi masa allura. Ya ɗura masa wani baƙin magani mai kama da ruwan gawayi, sannan ya sa masa ƙarin ruwa.

Da ya gama, ya wanke hannu, ya dubi Yanelis ta saman tabarau.

"Me na ce a ba shi?"

"Shinkafa da ruwa."

"Me kika ba shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka zai warke ne, kamar yadda mutane suke warkewa."

"A cikin koko akwai wani abu da jikin mutum yake iya narkarwa," in ji likitan. "Jikin kare ba ya iyawa. Abin da yake ƙara miki ƙarfi, shi guba ne a gare shi."

Doña Tatica ta buga lema a ƙasa. "Guba? Tun ina goye nake shan sa, ga ni garau!"

"Ai ke ba ki da wutsiya, Doña Tatica."

Kakar ta yi tsaki, amma dariya ta kusa ƙwace mata.

Likitan ya sake juyowa. "Kin yi kuskure babba, yarinya. Amma kin yi magana da sauran lokaci. Da an bari sai gobe, da baron nan wani aiki dabam zai yi."

Suka bar Tizón a can ya kwana biyu.

Da la'asar suka iso gida. Wilkin yana kan gado da sabuwar filasta, an ƙwace masa duk wani fensir. Doña Fior kuwa barci ya ɗauke ta a kan kujera, takalmi ɗaya a ƙafarta, ɗaya a ƙasa. Can gabas hadari yana haɗuwa, koko kuma yana shanye a waje.

Yanelis ba ta tashe ta ba. Ta ɗauki manjagara da hannunta mai bororo. Ta tattara kokon, ta rufe shi da tamfol. Ta kwashe wanki. Ta shiga ɗaki ta karɓe murfin tukunya daga hannun Wilkin.

"In kana son abu, ni za ka kira. A hankali."

Ruwa ya fara sauka a kan kwano, Doña Fior ta farka firgigit. "Kokona!"

"Na rufe, Mami." Yanelis ta durƙusa kusa da ita. "Ki yafe mini. Na so in rage miki aiki, sai na ƙara miki."

Mahaifiyar ta kama hannunta, ta duba bororon. "Na san da kyakkyawar niyya kika yi. Amma da kin tambaye ni, da duk ba mu sha wannan wahala ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun da kika yi."

"Ba zan ƙara ba."

Ran Asabar da hantsi aka dawo da Tizón. Ya rame, amma wutsiyarsa tana kaɗawa. Ya cinye farar shinkafarsa, ya je ya kwanta kusa da gadon Wilkin.

Doña Tatica ta dafa cakulan, ta zuba kofi huɗu. Wilkin ya sha nasa, ya rage kaɗan. Ya sauke kofin ƙasa a ɓoye, yana cewa, "Zo, abokina, mu marasa lafiya mu raba."

Caraf Yanelis ta ɗauke kofin.

"Wannan na masu ƙafa biyu ne."

"Ai ni ma yanzu ƙafa ɗaya gare ni!"

Kowa ya fashe da dariya, har Doña Fior. Yanelis ta zuba wa Tizón ruwa mai sanyi a kwanonsa.

To, ya ku ɗalibai, ga darasin a fili. Abin da ya yi wa wani magani yana iya cutar da wani, saboda haka kada ku ba mara lafiya komai sai kun tambayi manya. Idan kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa.