Ɗaki a Hawa na Huɗu

Ranar Litinin ya fara shigowa ofishin shirya tafiye-tafiyen, riƙe da waya kamar wanda ya tsinci zinare. Malamin sakandare ne, har da ɓurɓushin alli a hannun rigarsa. Madam mai ofishin ta nuna masa teburin da ke kusa da taga, inda budurwar da kowa ke kira Shiru take zaune.

"Na riga na samo otal," in ji shi, ya miƙa mata wayar. "Ga araha, ga kyau. Ummana ce za ta je hutu ƙasar waje ita da ƙanwarta. Shekara talatin da biyar tana aikin jinya, ba ta taɓa hutawa ba."

Shiru ta buɗe hoton da yatsu biyu, ta daɗe tana kallo.

"Malam, labulen nan babu taga a bayansa. Duba gefensa, ko ɗigon haske babu. Bango suka lulluɓe."

"Kai! Amma tauraro biyar mutane suka ba shi."

"Mai ba da biyar shayi aka ba shi kyauta. Mai ba da ɗaya kuma tun daga gida ya taho da fushinsa. Masu ba da uku nake karantawa, su ke faɗin gaskiya."

Ya yi dariya har Madam ta ɗago kai. Shiru ta sunkuyar da nata, tana mamakin yadda magana mai tsawo haka ta kuɓuce mata.

Abu ɗaya ya roƙa: Umma tana fama da gwiwa, ba ta iya hawa bene. Shiru ta samo wani ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa, da karin kumallo, da lif mai kai mutane hawan sama, kuma daidai aljihun malamin makaranta. Sau huɗu ya dawo a makon nan. Yau tambayar jaka, gobe tambayar sanyi, jibi wai ya manta biro.

"Biron nan naka dai ƙafa gare shi," in ji Madam.

Shiru tana da ƙa'ida ɗaya da ba ta taɓa karyawa: kafin a biya, sai ta kira otal da bakinta ta tambayi komai. Ranar biya ta ɗauki waya, sai ta ga ya zabga tagumi yana kallonta. Lambobin suka haɗe mata. Ta ajiye wayar a hankali.

"Komai daidai ne," ta ce.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Taurari Uku, ni nawa za ki ba ni?"

Ta rubuta ta goge har sau shida, kafin ta aika: "Ban gama karanta ka ba tukuna."

Wata guda suka yi a haka, har ya ce da zarar Umma ta dawo zai turo manya. Ranar da su Umma suka sauka kuwa, gajeren saƙo ya zo: "Sun isa lafiya. Lif ɗin ya lalace tun wata biyu. Ɗakinsu yana hawa na huɗu."

Shiru ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Wuni ta yi tana kira, tana kai-kawo tsakanin tebur da taga. Sai a rana ta uku aka samu ɗaki a ƙasa. Kafin nan gwiwar Umma ta kumbura, rabin hutun a kan gado ya ƙare.

Bayan sun dawo, saƙonsa ya ɗauke. Shiru ta duba waya a mota, ta duba a kicin, ta kife ta a kan tebur ta sake ɗagawa. Ana cikin haka ƙanwar Umma ta leƙo ofis karɓar wata takarda, ta fesa wa Madam labari yadda kowa zai ji: Umma ta ce ban da waccan ta ofis, ga 'yar ƙawarta likita tana nan, yarinya mai lura.

Rana ta biyar ya rubuto: "Ban yi shiru don na fasa ba. Lallashin Umma nake yi, kuma ba na so in zo miki hannu rabbana. Na ce mata laifin otal ne."

Ta amsa: "Ba laifin otal ba ne kaɗai."

Ranar Asabar ta roƙi yayarta ta raka ta dubiya. Suka tarar da Umma a falo, ƙafa a kan matashi, ƙamshin man zafi ya cika ɗakin. Shiru ta durƙusa ta gaishe ta, tana murza bakin mayafi.

"Ke ce mai benen?" in ji Umma.

"Ni ce, Umma."

"Matakala sittin da takwas. Na ƙirga. Ɗana ya ce ba laifinki ba ne."

"Laifina ne. Kullum sai na kira otal kafin a biya. Ranar ce kawai ban kira ba."

"Me ya hana ki?"

Yayarta ta zungure ta, amma maganar ta riga ta taho.

"Yana zaune a gabana yana kallona. Na ɗauki wayar, muryata ta ƙi fita."

Umma ta cire tabarau, ta dube ta sama da ƙasa. Can sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata har tana dafe gwiwar.

"Wato wannan mai allin ne ya hana ki magana? Ikon Allah! Ni ma ranar da ubansa ya zo asibiti, sau uku na auna masa jini, duk ban ga lambar ba." Ta share ƙwalla. "Na yi aiki da masu kuskure da yawa, 'yata. Masu zuwa da ƙafarsu su ce ni ce, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Tashi ki miƙo mini man can."

Tun a hanyar komawa gida saƙonsa ya sami Shiru: "Me kika yi wa Umma? Ta ce in kira kawuna."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da aka zo zancen inda amarya da ango za su je hutu, Umma ta ce ita za ta zaɓa. Ta sa tabarau, ta karanta masu taurari uku ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sa aka buga mata lambar otal ɗin.

"Lif ɗinku yana aiki?" ta tambaya da ƙarfi. "A'a, kar ka ce mini i. Je ka danna in ji ƙararsa."

Sai da ta ji, ta ajiye wayar, ta haɗa hannayensu cikin nata.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Duk hawan da za ku yi a rayuwa, Allah ya sauƙaƙa muku shi."

"Amin, Umma," in ji Shiru, kuma wannan karon muryarta ta fita sarai.