Hayaƙin da Gwaggo Ta Gani a Mafarki

Ina murza roti, gurasarmu ta fulawa, a kicin, 'yata Nazmin tana soya kabewa, sai ga Gwaggo Hamidan, yayar mijina, ta faɗo gidan tana haki. Duk unguwarmu a garin Labasa ita ake kai wa istihara, ita kuma muka roƙa ta yi a kan auren Nazmin da Imtiyaz, direban motar rake.

"A fasa!" ta ce. "Jar wuta na gani da baƙin hayaƙi. Kun san fari ko kore ne alheri. Yaron nan ba mijinta ba ne!"

Abban Nazmin kuwa bai taɓa tsallake maganar yayarsa ba. Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Shi ke nan, a mayar musu da zobensu."

Yarinyar nan ta yi kuka har idonta ya kumbura. Imtiyaz ya bugo waya, ina jiyo shi: "Haba Naz, mu je a yi mana rajista kawai, wa zai hana?"

"Ba da ni ba," ta ce. "Auren da Abba bai sa wa albarka ba, riƙe abinka."

Wallahi duk da fargabar da nake ciki, sai da na ji kaina ya yi girma. Ni na haifi wannan!

Ta je ta durƙusa gaban ubanta. "Abba, ni ma na yi tawa istiharar. Ban yi mafarkin komai ba, amma zuciyata a kwance take. Mu je wurin liman — abin da ya ce, na bi."

"Ji 'yar zamani!" in ji Gwaggo. "Ina istihara tun uwarki tana goye!"

Muka ɗunguma har da Gwaggo. Liman ya saurare mu tsaf, ya ce istihara salla ce da addu'a, mai buƙata ya fi dacewa ya yi da kansa, kuma mafarki ba sharaɗi ba ne, balle launi. Sannan ya tambayi Gwaggo ranar da ta yi tata.

"Talata."

Abban Nazmin ya dafe kai. "Talata? Yaya, ai ranar na cinna wa gonar rakena wuta don masu sara su ji sauƙi — gonar da ke bayan tagarki!"

Gwaggo ta ce, "To shi ya sa na tashi da tari." Ta juya ta dungure masa kai. "Mara kunya! Ka shaƙe ni da hayaƙi, ka sa na kusa raba yara!"

Ita ta dafa shinkafar bikin da hannunta, ba ta bar kowa ya taɓa ludayin ba.

'Yan matana, ku ji ni. Ku roƙi zaɓin Allah da bakinku, ku yi haƙuri da iyaye. Nazmin ba ta ɗaga wa kowa murya ba, ga ta can a ɗakin mijinta.