Na Karɓe Ka

Ana shirin kiran magariba, Suwaiba na kwashe tuwo, dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Na biyu ya fasa tulu. Aka leƙa waje, ba kowa.

Da ranar nan ne mijinta Aƙilu ya kai wasu baƙi daga Funtuwa kallon tsohuwar hasumiyar da ke kan dutsen bayan gari, inda kakanni ke tsayawa hangen mahara. Shi kuwa Aƙilu bakinsa ba ya zama. Ya leƙa ɗan ɗakin sama, wayam, ya ƙame ya ce, "Maigadi, sannu da aiki. Sauka, na karɓe ka." Baƙi suka yi dariya, aka sauko.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu 'yarsu Bushra, mai shekara tara, ta hau katanga ta tsaya, ta zuba wa yamma ido. Ba ci, ba ƙiftawa. Ƙarti uku suka kasa sauko da ita.

Aka ɗauko Malam Shitu daga Maska a kan babur. Ya zauna gindin katanga yana karatu har inuwa ta rufe tsakar gida. Sai yarinya ta buɗe baki da muryar tsoho.

"Uban yarinyar nan ya ce ya karɓe ni. Na sauko, shi ma ya sauko. Wa ke sama?"

"Wasa yake yi," in ji Malam.

"Ba a wasa da wannan kalma. Da ita na sauke wanda na tarar. Idon yarinyar nan yana da kyau. Da ita zan koma."

"Bawan Allah, wancan zamani ya wuce. Je ka huta."

"Rantse mini babu sauran mahara a ƙasar nan, in sake ta."

Malam ya kasa rantsewa. Ba a yi wata biyu ba da aka kwashe mutum bakwai a gonakin yamma. Ba wanda ya ɗaga kai.

Aƙilu ya cire hula. "Baba, sake ta. Ni na faɗa, ni zan tsaya."

"Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta," in ji muryar.

"Yana da gona, yana da iyali," in ji Malam. "La'asar zuwa magariba."



"Kullum," in ji muryar.

Bushra ta sulale, uwarta ta tare ta.

Shekara biyu ke nan. Duk la'asar Aƙilu yana can sama shi kaɗai, fuska yamma. Masu zuwa kallo kan hau su ɗauki hoto. Tun daga gindin dutse ake ja musu kunne: a yi masa sannu, kada a ƙara komai.