Kamu Bakwai a Fili Mai Lamba Sha Tara

Ranar wata Alhamis cikin daminar 1981, da la'asar sakaliya, Malam Abdussamad ya hau bayan babur ɗin Ayinde, suka nufi ƙarshen gonar jami'a don ƙirga turakun sabon shinge. Aikin bai fi na rabin sa'a ba. Safiyo ya duba, sakatare ya sa hannu, kowa ya kama hanyar gida kafin a kira magariba.

Ita jami'ar tana can birni, amma ta buɗe reshen aikin gona a wani makeken fili tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Ko akurkin kaji za a kafa a filin nan, sai Kwamitin Rabon Filaye ya zauna a kai. Abdussamad ne sakataren kwamitin, mutumin da in ka ce masa gidanka na cin wuta zai tambaye ka ko ka rubuto. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, ƙa'ida ce ta shige masa jini. Ayinde kuwa shi ne safiyo mai awon filaye, Bayarabe haifaffen Funtuwa. Shekara shida suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Wata huɗu sashen auduga da sashen dabbobi suka yi suna ja-in-ja a kan fili mai lamba sha tara. Daga ƙarshe aka ba masu auduga, aka ce a kewaye shi da waya mai ƙaya. Sai ga Baffa Sanda, tsohon makiyayin da ke kula da shanun jami'a, ya tuɓe takalmi a ƙofar ofis. Ya ce wani tsohon burtali, hanyar shanu, ya ratsa filin zuwa rafi.

"A bar musu ƙofa, Malam. Kamu bakwai. Duk Alhamis da magariba suke gangarawa."

"Shanun wa, Baffa?"

"Na masu wurin. Tun kakanninmu ba a noma shi, ba a kuma kora garke a kansa ran Alhamis."

Kwamiti ya yi dariyarsa, amma ya yarda, don kamu bakwai ba zai rage wa auduga komai ba. Sai dai a ƙa'idar jami'a, shawara ba ta aiki sai an karanta rahoton zama a zama na gaba an tabbatar da shi. Zama na gaba kuwa saura mako biyu.

"Sakatare, ba ni takardar nan in kai wa masu shinge," in ji Ayinde. "Ai an riga an yarda."

"Sai an tabbatar, Safiyo."

Takarda ta kwana a fayil. Masu shinge suka ja wayarsu layi biyar, suka rufe burtali ruf ranar Talata.

To, wannan shingen suka je dubawa. An yi ruwa da rana, ƙasa ta yi taushi, kwaɗi sun cika wuri da kuka. Suka ajiye babur suka taka. Da suka kai tsakiyar shingen, Ayinde ya ɗaga waya ya sunkuya ya fita ta waje, don ya ga gindin turakun da kyau. Yana ƙirga yana waƙarsa ƙasa-ƙasa. Bai lura ba ciyawar da ya tsaya a kai ta fi ta ko'ina gajarta, kamar wadda ake takawa kullum.

Kwaɗi suka yi tsit, duka lokaci ɗaya.

Abdussamad ya ɗago kai daga fayil. Wani wari ya daki hancinsa, warin ɗanyen kashin shanu da hayaƙin ruga da madarar da aka tatso yanzu. Ya duba gabas, ya duba yamma. Babu ko akuya.

Daga can tudu wani ya yi fito, dogo, irin na makiyayi mai kora garke.

"Safiyo," in ji Abdussamad da raɗa. "Dawo ciki."

"Saura shida."

"Dawo, don Allah."

Ƙasa ta fara rawa a tafin ƙafarsa. Sannan ya ji ƙahoni suna karo da juna, ƙwas, ƙwas, da huci mai nauyi. A kan laka, taku ashirin daga inda Ayinde yake, sawun kofato ya lotsa. Wani ya lotsa kusa da shi. Ruwa ya taru a cikinsu. Sawu ɗari, sawu ɗari biyu, suna gangarowa a jere, kuma babu komai a samansu sai iska.

Ayinde ya gani. Ya yar da littafinsa ya cusa kai tsakanin wayoyi. Ƙaya ta kama rigarsa ta baya. Ya fizga, ta ƙara kamawa.

Wani abu ya tunkuɗo shi.

Ya manne a jikin waya, ƙafafunsa suka bar ƙasa. Shinge ya lanƙwaso ciki kamar baka, turaku suna kuka. Ƙaya ta shiga kumatunsa, ta shiga ƙirjinsa. Jini ya bi waya yana ɗiga a kan takalmin Abdussamad.

"Abdu," in ji shi. Sau ɗaya ya taɓa kiran sa haka, ranar da aka haifa wa Abdussamad ’yarsa Asma'u.

Sai ga Baffa Sanda a guje cikin kunyoyi, yana tuntuɓe, da babbar filaya a hannu. Ashe shi kansa ya fito ya yanke wayar a ɓoye, tsufa ya makarar da shi. Ya gwada, hannunsa ya kasa. Ya danƙa wa Abdussamad.

"Yanke, Malam. Hanya kawai suke so."

Nan Abdussamad ya yi abin da har ya tsufa bai yafe wa kansa ba. Ya tsaya. Numfashi ɗaya ne, ko biyu, amma ya tsaya, don wata murya a kansa ta ce wannan kayan jami'a ne.

A cikin numfashin nan ya ji haƙarƙarin Ayinde ya karye, kamar an taka busasshen kara.

Ya kafa filaya. Waya ta farko ta tsinke. Ta biyu. Ta uku ta zane shi a goshi, jini ya rufe masa ido. Ta huɗu.

Huci mai zafi yana dukan fuskarsa. Yawu mai kauri ya zubo masa a wuyan hannu.

Ta biyar ta tsinke da ƙara, ta naɗe hannunsa na dama, ta tafi da yatsu biyu.

Baffa ya fizge shi suka faɗa cikin kwarin kunya. "Kife. Kada ka ɗaga kai."

Suka wuce. Laka tana fallatsa a bayansa. Wani kofato ya sauka dab da kunnensa, wani ya taka gefen rigarsa ya yage ta. Yana jin abin da ake yi wa Ayinde a ƙarƙashin ƙafafun nan, yana kuma jin lokacin da Ayinde ya daina sauti.

Daga ƙarshe takun mutum ya zo, a hankali. Ya tsaya a kansa. Wani abu mai sanyi ya ɗaga hannunsa mai jini, ya juya shi, kamar mai duba dabba a kasuwa. Sannan ya sake shi.

Fito ya yi nisa wajen rafi. Kwaɗi suka ci gaba da kukansu. A ƙauye ladan ya kira salla.

Rahoton jami'a ya ce garken wasu matafiya ne ya firgita. Babu makiyayin da aka gani, babu kuma wanda ya bi sawun, don a bakin ruwa ya ƙare, bai fita ta ɗaya gaɓar ba. Da Kudirat, matar Ayinde, ta zo asibiti, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baban Asma'u, ya ce min akwai wata takarda da za ka ba shi." Abdussamad ya juya fuska ga bango.

Ranar zama na gaba ya zo da hannu a naɗe. Ya miƙe ya karanta rahoto har ya kai wurin da aka ce a bar ƙofa, kamu bakwai, a fili mai lamba sha tara. Shugaban kwamiti ya duba agogo.

"Akwai gyara?"

Babu gyara.

"An tabbatar. Abu na gaba."

Abdussamad ya duba nasa agogon. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Aka turo masa takardar ya sa hannu, ya kai hannu zai ɗauki biro, yatsun da za su riƙe shi ba sa nan.