Waƙar Da Inna Ke Yi A Bakin Turmi

Fauziyya na tuƙa tuwo a ɗan kicin ɗinsu na unguwar Madinat Nasr a Alƙahira, wanta Badamasi ya faɗo ko sallamar kirki babu.

"Ke! Wai da gaske Rilwanun naki ne Najeriya ta zaɓa ya je waƙa a talabijin?"

"Shi ne, Yaya! Jama'a suka yi ta tura masa ƙuri'a ta waya har ya doke 'yan Legas. Gasar ƙasashen Afirka ce fa, kuma nan Alƙahira za a yi."

"Khalas, magana ta ƙare! Ba na ba maroƙi ƙanwata. Ya zaɓa, ko ke ko makirfo!"

Muciya ta suɓuce mata, hawaye suka zubo. Tun rasuwar mahaifinsu Inna ta danƙa maganar aurenta a hannun Badamasi, shi kuwa in ya ce a'a, ko limami ya yi kaɗan. Mutum ne mai ɗaure fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Fauziyya ta san dalili: shi ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa ba, "wancan" kawai take ce masa. Ya san al'ada ce, amma abin na ci masa rai tun yana yaro.

Rilwanu, ɗalibin likitanci mai sanyin hali, ya kira ta a waya. "Ma'alish, yi haƙuri bebi, bari in janye kawai. Ke kika fi min kofi."

"Kar ka soma! Ƙasa guda ta zaɓe ka. Ka yi haƙuri, ka rera waƙar da na koya maka."

Ba ta yi musu da wanta ba, ba ta kumbura baki ba. Alfarma ɗaya ta roƙa: ya saurari waƙar sau ɗaya, in ya so ya yanke hukunci.

"Me ke cikinta?"

"Sai ka ji, Yaya."

Malam Badamasi fa ya shiga uku da son sani! Ya tafi darasi unguwar Darrasa yana tunani, ya dawo a mikrobas ɗin haya yana tunani. Ranar gasa bayan la'asar sai ga shi gaban talabijin da littafi a buɗe, wai shi karatu yake yi.

'Yan Masar suka yi, 'yan Mali suka yi. Da aka kira Najeriya, Rilwanu ya fito ba ganga ba jita, sai wasu mata biyu da turmi suna lugude. Ya ɗaga murya:

"Ɗan da ban kira sunansa ba,
Ya tafi Masar da rabin raina.
Mai tabon murhu a hannun hagu,
Ni na yi kuka, ba ka gani ba."

Badamasi ya dubi hannunsa na hagu. Littafin ya faɗi.

"Wa... wa ya ba shi wannan?"

Fauziyya ta ce, "Waƙar Inna ce. Tun ranar da ka taho take yin ta in tana daka. Na roƙe ta, ta ce a rera, in dai ba za a faɗi suna ba."

Nan take ya kira gida Malumfashi. "Inna! Da ni kike a waƙar nan?"

Inna ta ce, "Kai, ba ni Fauziyya."

Fauziyya ta karɓa ta buɗe sifika. Inna ta ce, "Ki ce wa wancan ya daina tambayar banza. Ya sa muku rana."

Badamasi ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa. "Kin ji ko? Har yanzu wancan ne ni! Yalla, maza kira min angon."

Najeriya ta uku ta zo, kofi ya tafi Mali, amma a gidan nan babu wanda ya damu. Bayan salla aka ɗaura aure, Badamasi ne waliyyi.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Da Fauziyya ta yi tsiwa, da ta rasa miji ta rasa wa. Kuma kada ka yanke wa mutum hukunci kafin ka saurare shi, don wata ƙaunar kunya ce ke rufe mata baki.