Jirgin da Ya Shigo da Makoki

"Leonor! Jirgin Baltazar ya shigo... amma ki daure!"

Ƙwaryar shinkafar da ke hannun Leonor ta suɓuce. Ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba, ta bi Perpetua, 'yar gwaggonta, da gudu zuwa bakin teku.

Jirgin ne kuwa. Sai dai tutarsa na rabin sanda, sandunan filafilansa duk a karkace, wani sama wani ƙasa. Ko yaron goye a tsibirin nan ya san ba a yi wa jirgi haka sai babban da ke cikinsa ya mutu.

Babban da ke cikinsa kuwa Kyaftin Baltazar ne, masoyinta.

"Wayyo 'yar uwa," in ji Perpetua tana matsar idon da babu hawaye. "Da ma ni na ji ya yi aure a birnin Goa. Kukan na matarsa ne, ba naki ba."

"Ke dai tun da ya ƙi ki, kullum sai kin ɗaura masa aure. Yau kuma kin kashe shi?"

Tun tafiyarsa Leonor ke shan irin wannan. An ce karatun da sistocin coci suka koya mata ne ya kumbura mata kai. Ta kori manema har mata suna yi mata waƙa a bakin rijiya. Ba ta taɓa bari an ga hawayenta ba.

Mahaifinta Gaspar, mai gonakin kwakwa, ya dafa ta.

"Mu je gida, 'yata. Abin da na guje miki ke nan. Na ce ba zan ba da ke ga wanda gidansa katako ne a kan ruwa ba, sai mai rufi a tudu."

"Baba, sai na ga gawarsa da idona."

"Leonor!"

Ina, tuni ta tattare siket ta faɗa kwalekwalen masunta. Ta yi ta tuƙi, sai da ta yi nisa da mutane sannan ta saki kukan.

Tana isa gindin jirgin wata murya ta sauko daga sama.

"Wace ce wannan mai tuƙi kamar kaguwa?"

Ta ɗaga kai.

Shi ne! Ya rame, rana ta ƙona shi, amma dariyar nan tana nan.

"Ba... ba ka mutu ba?"

"In mutu in bar wa wa ke, hasken idona?"

"To makokin wa kuke yi, mugu?"

Ya sauko ta tsanin igiya har cikin kwalekwalen. Sabon gwamnan da sarki ya turo a jirginsa ne zazzaɓi ya kashe a hanya, ya ce, shi suka yi wa makokin. Kuma bisa doka, babban hafsan da ke wurin shi zai riƙe tsibirin.

"Wane ne babban hafsan?"

Ya sosa ƙeya.

"Kai?" Ta tuntsire da dariya, hawaye na zuba. "Kai da ba ka iya barci sai gado na lilo?"

"Sai ki riƙa girgiza min shi, zuciyata."

"Allah ya kiyaye! Ni matuƙin jirgi na jira, ba gwamna ba."

"To ki haƙura da wanda ya samu."

Da suka iso gaɓa labari ya bazu, igwa ta tashi, manyan gari suka cire huluna. Perpetua ta sulale ta bayan masu kifi. Gaspar na tsaye da hularsa a hannu, ya rasa ko surukin da ya ƙi zai harara, ko gwamna zai gaisar.

Baltazar ne ya fara rusunawa.

"Baba, na dawo da roƙona na da."

Leonor ta nuna tsohon gidan gwamna da ke can saman tudu.

"Ka ce sai mai rufi a tudu, Baba. Wancan ya yi?"

Tsohon ya daɗe yana duban gidan, sannan ya dubi jiƙaƙƙen siket ɗin 'yarsa.

"Rufin nan yoyo yake yi."

"Toshe yoyo ai shi ne sana'ata, Baba."

Gaspar ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. Ya kamo hannun Leonor ya ɗora a na Baltazar.

"Ka toshe kafin damina. 'Yata ta jiƙe ya isa haka."